Kujerar Milisav Dogo

A gidan kula da tsofaffin da Radinka ke aiki, can bayan garin Linz a ƙasar Austiriya, in aka kawo sabon tsoho ita ake fara kira. Shekararta goma sha huɗu a wurin, kuma tef ɗin awo ba ya barin aljihun rigarta. Za ta durƙusa gaban mutum, ta cire masa takalmi, ta auna daga dunduniya zuwa bayan gwiwa, ta auna tsawon cinya, ta auna daga mazauni zuwa gwiwar hannu, sannan ta faɗi kujerar da za a ba shi. Ba ta da haƙuri da 'ya'yan da ke kwaso wa iyayensu kushin mai laushi, irin wanda tsoho ke nutsewa a ciki sai an jawo shi kamar guga. Takan gaya musu a gaban idonsu cewa kujerar tsoho ba kayan ado ba ce, ƙafafu huɗu ne ake ara wa wanda nasa biyun suka gaji. Sababbin ma'aikata kuwa har sun haddace dokarta: kada ka zaɓa wa mutum kujera sai ka taɓa gwiwarsa da hannunka.

A watan Agusta Goggo Leposava, ƙanwar mahaifinta, ta bugo waya daga ƙauyensu a Sabiya. Ta ce yayanta Milisav, mahaifin Radinka, ya faɗi garin tashi daga tsohuwar doguwar kujerar falo, wadda ta lotsa tun zamanin da Radinka ke firamare. Bai karye ba, amma ya yi rabin awa a ƙasa kafin ya rarrafa ya kama ƙafar tebur. Goggo ba ta ƙara komai a kai ba, kuma ba sai ta ƙara ba. Rabon Radinka da gida shekara huɗu ke nan, tun addu'ar cikar shekara da rasuwar mahaifiyarta. Uzuri kam ba ta rasa ba, yau aiki, gobe jarrabawar 'yarta, jibi ba mai karɓarta a wurin aiki. Duk Lahadi suna waya ta bidiyo, amma tsohon ya iya riƙe waya ne yadda abin da take gani kawai goshinsa ne da fitilar silin.

A ranar ta kira Obrad kafinta, maƙwabcinsu, wanda ya yi wa rabin ƙauyen gadon aure, ya yi wa ɗaya rabin akwatin gawa. Ta ce kujera take so ya yi wa babanta, ta itacen kirki, mai hannuwa biyu masu ƙarfi, ya ɗauko fensir za ta karanto masa awo. Ai ta san ubanta. Milisav Dogo ne, mita ɗaya da tamanin da takwas, kilo casa'in da biyar, mutumin da ke ɗaukar buhun masara ɗaya a kowace hammata, wanda ƙofar sito ta ci masa goshi har ta bar tabo. Ta yi lissafinta a ka. Mazauni santimita hamsin da huɗu daga ƙasa, soso mai tauri, domin nauyinsa zai danne shi kamar yatsa uku, hannuwan kuma a ɗaga su sosai, tunda mai dogon jiki ne.

Obrad ya ce, "Radinka, daga shagona zuwa ƙofarku taku ɗari biyu ne. Bari in leƙa da tef ɗina in auna shi."

"A'a, Kawu Obrad, ba na so ya sani, sai ranar slava zan ba shi."

"To ko da ido ne in…"

"Kawu, wannan fa shi ne aikina. Tsofaffi nawa ka san na auna? Kuma ubana za ka nuna mini?"

"Allah ya ba ki haƙuri, likita," in ji Obrad. "Hamsin da huɗu kika ce, ko? Na rubuta."

Slavar gidansu, wato bikin shekara-shekara na waliyyin gida, ranar ƙarshen Oktoba take faɗowa, ranar Waliyyi Luka, wanda ke riƙe da gidan tun kakan kakan Milisav. Kowane gida a wajensu da waliyyinsa da ranarsa, uba ke miƙa wa ɗa. A kunna dogon kyandir gaban hoton waliyyi, limamin coci ya zo ya yanka burodin slava, a dafa alkama da sukari, duk wanda ya shigo ya ci ya sha. Kuma muddin kyandir ɗin nan na ci, maigida ba ya zama. Baƙi su zauna, mata su zauna in sun samu sarari, amma shi yana tsaye yana hidima, domin babban baƙon ranar waliyyi ne, kuma ba a miƙe ƙafa a gabansa. Wasu gidajen sun sassauta, maigida ya ɗan ɗosana in liman ya fita. Milisav ba ya cikin masu sassautawa. Shekara arba'in da ɗaya yana tsayawa tun ranar da ubansa ya miƙa masa, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba ya faɗa a gaban jama'a cewa ranar da aka ga ya zauna kyandir na ci, a san ya sauke slavar. Ga shi ba shi da ɗa namiji. Radinka ce kaɗai Allah ya bar masa, saboda haka kowa ya san ranar da ya sauke, slavar gidan ta ƙare.

Radinka ta san duk wannan, a cikinsa ta girma. Ba ta yi niyyar ya zauna a ranar ba. Abin da take so, in za a faɗi gaskiya, shi ne a yaye wa kujerar mayafi ɗaki cike da mutane, waɗanda suka shekara huɗu suna cewa 'yar Milisav ta manta hanyar gida su gani da idonsu.

Ta iso ana gobe slava, bayan awa goma sha huɗu a bas. Wanda ya buɗe mata ƙofar shinge wani ɗan tsoho ne a ranƙwashe, wandonsa a naɗe sau biyu, bel ɗinsa an huda masa sababbin ramuka da ƙusa. Sai da ya yi magana ta gane ubanta ne. Da ta rungume shi ta ji ƙasusuwan bayansa ɗaya bayan ɗaya ta cikin suwaita, kansa kuma daidai kunnenta ya tsaya. Tef ɗin yana cikin jakar hannunta, minti biyu sun isa ta durƙusa ta auna, ta aika wa Obrad ya gyara tun da sauran lokaci. Ba ta yi ba. Kunya ce ta hana ta, domin in ta ɗora tef a jikinsa ta yarda ke nan ba ta san ubanta ba. Sai ta ce wa kanta ai ranƙwashewa ce kawai, ƙashin ƙafa ba ya raguwa.

Maimakon awo sai ta faɗa wa gidan da gyara, irin na mai neman inda zai huce. Ta naɗe dardumomin falo duka, ta ce su ke kayar da tsofaffi. Ta ɗaure wayar rediyo jikin bango, ta ja tsohuwar doguwar kujerar ta kai ɗakin baya. Sannan ta juyo kan kusurwar gabas, inda hoton waliyyi yake. Nan keken ɗinkin mahaifiyarta ke tsaye, tsohon keke mai ƙafafun ƙarfe da teburin katako, an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Nan ne kaɗai wurin da ya dace da sabuwar kujera, kusa da murhu, ga taga.

Milisav yana tsaye bakin ƙofa da sandarsa. Ya ce, "Keken nan bai tare wa kowa hanya ba."

"Baba, dubi ƙarfen ƙafarsa. In ka faɗa kan wannan ba za ka tashi ba. Wa ma ke ɗinki a gidan nan yanzu?"

Ya dube ta, ya kauce mata daga bakin ƙofa. 'Yarsa ce da ta shekara huɗu ba ta zo ba, ba za su fara da musu ba. Ita kuwa da ta saba ɗaga mutane, keke ba zai gagare ta ba. Ta ja shi yana ƙara, ta sauke shi matakala biyu, ta ratsa tsakar gida da shi ta kai sito. Ta lura an ɗaura wa ƙafafunsa wasu ƙananan katakai, an kuma goge gefen teburin ya yi sumul, amma ba ta tsaya tambayar dalili ba. Goggo Leposava tana can kicin ɗin waje tana naɗe nama cikin ganyen kabeji, ba ta ga komai ba.

Da la'asar Obrad ya turo kujerar a baro, lulluɓe da bargo. Ya shigo da ita, ya dubi kusurwar da ta zama fayau, ya dubi Milisav, ya tambayi inda keken yake. Radinka ta ce yana sito, inda ya kamata. Obrad ya sosa ƙeya ya ce shi da a bar keken a wurinsa zuwa jibi, ai kujera ba ta gudu, ko a baranda ma za ta kwana. Hannunka mai sanda ya yi mata, amma wanda ya zo da saninsa ba ya jin irin wannan. Ta nuna masa inda zai ajiye. Ya ajiye, ya ce santimita ɗaya bai rage ba, ɗaya bai ƙara ba. Milisav ya shafa bargon ta sama, ya yi godiya, ya ce zai duba bayan slava.

Washegari da hantsi Milisav ya sa baƙar kwat ɗinsa, wadda yanzu za ta ɗauki irinsa biyu, ya kunna kyandir da hannunsa. Takalmi ya ƙi shiga domin ƙafafun sun kumbura, sai ya sa silifas ɗin gida. Goggo ta shigo da farantin alkama, idonta ya sauka kan kusurwar, ta tsaya cak. Kafin ta yi magana yayanta ya girgiza mata kai, ta haɗiye.

Liman ya zo wajen sha ɗaya. Aka yi addu'a, aka yanka burodi aka zuba masa giyar inabi, aka juya shi hannu da hannu, aka sumbace shi. Liman ya sha kofi a tsaye ya wuce gida na gaba. Baƙi suka cika tebur, mutum ashirin ko fiye, dangi da maƙwabta da tsofaffin abokan Milisav na gonar haɗin gwiwa. Aka kawo miya, aka kawo naɗin kabeji, ana jiran gasasshen alade. Milisav yana zagayawa da butar giya, ya zuba wa wannan, ya tsokani wancan cewa har yanzu bai koyi riƙe cokali ba. Radinka tana kai da kawowa tsakanin kicin da falo, tana karɓar gaisuwa, ana ce mata 'yar Austiriya an ga dama an zo, ita kuma tana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta wuce. Sau biyu ta ga ubanta ya ja da baya zuwa kusurwar waliyyi, ya miƙa hannu ta baya yana laluben wani abu, hannun ya sauka kan bargon kujera, ya janye shi da sauri kamar ya taɓa tukunya a wuta. Ba ta fahimta ba. Abin da ta fahimta shi ne abin da idonta ya saba gani: leɓensa ya yi fari, gumi ya tsatso a goshinsa, gwiwoyinsa suna rawa cikin wando, bakin butar yana ƙwanƙwasa kofi in zai zuba. Ta san mutumin da ya rage minti biyar ya zube. Ɗakin ma ya fara yin shiru, mutane suna satar kallonsa suna kallon juna.

Abin da ya biyo baya ba ta yi shawara da zuciyarta ba, hannunta ne ya yi aikin da ya saba. Ta ajiye faranti, ta fizge bargon, ga kujera ta fito tana sheƙi, aikin Obrad ba na wasa ba. Ta karɓe butar daga hannunsa. Ta kama gwiwar hannunsa da hagu, ta riƙe bel ɗinsa ta baya da dama, yadda ake koya wa sababbin ma'aikata. Har muryar ma ta wurin aiki ce ta fito, mai taushin nan da ake yi wa wanda aka daina tambayar ra'ayinsa.

"Yauwa, mun yi ƙoƙari yau. Yanzu sai mu ɗan zauna, ko? Sannu a hankali."

"Radinka," ya ce ƙasa-ƙasa, "kyandir na ci."

"Minti biyar kawai, Baba. Yauwa, baya kaɗan, baya kaɗan."

Da Milisav na da ne, ko mutum uku ba su motsa shi. Wannan kuwa ba nauyi gare shi. Mazaunin ya yi masa tsawo, sai da ta ɗan ɗaga shi ta ɗora. Soson da ta sa a yi wa mai kilo casa'in da biyar ko gezau bai yi ba. Hannuwan kujerar suka tura kafaɗunsa sama har kunnuwa, ƙafafunsa kuma suka tsaya a iska suna lilo, kamar na yaron da aka ɗora kan bencin asibiti. Silifas ɗin ƙafar hagu ya zame a hankali ya faɗi kan katakon da ta cire wa darduma jiya. Kowa ya ji faɗuwarsa.

Milisav ya gwada zamowa gaba, yatsun ƙafarsa suka nemi ƙasa ba su samu ba, tsoron faɗuwa ya mayar da shi baya. Ya zauna a nan ƙarƙashin hoton waliyyi, kyandir yana ci a saman kansa, yana kallon safarsa mai faci a dunduniya.

Goggo Leposava ta damƙi hannun Radinka ta ja ta zuwa baranda. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi sauƙi. Ta ce shekara uku ke nan Milisav ba ya iya tsayuwar awa guda. Shi da kansa ya gano cewa teburin keken nan ya kusa daidai da ƙugunsa, Obrad ya ƙara masa katakai a ƙafa har ya zo cif, ya goge gefen don kada ya ci masa jiki. Duk slava zai zagaya tebur sau ɗaya, ya koma kusurwa ya jingina mazaunansa a gefen keken, kwat ta rufe, hannu ɗaya a kan ƙarfen. A haka yake wuni a tsaye.

"Mu ashirin ne a ɗakin can, ba makaho ko ɗaya," in ji Goggo, "amma shekara uku ba wanda ya taɓa gani. Ke kin zo kwana ɗaya kin gyara mana gida."

"Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"A waya? Kina tambayarsa ya sha magani, yana cewa ya sha? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, 'yar nan. Ke da tambaya kawai za ki yi."

Radinka ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ba kujerar ce ta fi ƙona mata rai ba. Ta tuna 'ya'yan tsofaffin da ta sha tsare wa ido a Linz tana karanta musu laifinsu, ta tuna yadda ta ce wa Obrad ubanta za a nuna mata. Ta sauka tsakar gida da takalmin bikinta, ta buɗe sito, ta kama keken ta fara ja. Ƙafafun ƙarfen suna kururuwa a kan duwatsu, ba wanda ke cikin falo da bai ji ba. A bakin matakala ya ƙi hawa, ta yi ta kokawa da shi har Obrad ya fito ya kama ɗaya gefen. Suka shigo da shi a gaban kowa, yana yanar gizo-gizo da ƙurar sito, abin da ƙauye ya shekara uku yana rufawa ta baje shi tsakar ɗaki. Wannan ma sai da ta ajiye ta gane.

Ta durƙusa gaban ubanta, ta ɗauki silifas ɗin ta sa masa. Karo na farko ke nan da hannunta ya taɓa gwiwarsa, dukanta ta shige tafin hannunta ɗaya.

"Baba, ga keken na dawo da shi. Kama wuyana in sauke ka. Ba a yi minti goma ba."

Ya daɗe yana kallon keken. Launin fuskarsa ya fara dawowa, numfashinsa ya daidaita, wato jikin kam ya gode wa zaman ko mai jikin bai gode ba.

"Bar shi," ya ce. "Wanda ya zauna ya zauna. Da bakina na faɗa, kuma waɗannan duk sun ji. In na tashi yanzu, wa zan yi wa wayo?" Ya ɗaga ido ya dubi hoton da ke samansa.

Goggo ta sa gefen ɗankwalinta a ido. Wani tsoho a ƙarshen tebur ya ajiye cokalinsa. Radinka tana nan durƙushe. Garin neman gira ta rasa ido, slavar da ta fi shekara ɗari a gidan ta zo ta kashe ta da hannunta, da kyautarta, a gaban shaidu.

Milisav ya nuna butar giyar da ta ajiye kan taga. Ya ce a miƙo masa. Obrad ya miƙa, kowa ya zaci sha zai yi. Sai ya riƙe ta da hannu biyu ya miƙa wa 'yarsa.

"Kyandir bai mutu ba, kuma ba a barin baƙo ba kowa a tsaye. Ke kika zaunar da ni. To tashi ki tsaya."

Tsohon ƙarshen tebur ya yi gunaguni cewa shi dai tun da yake bai ga mace ta riƙe slava ubanta na raye ba. Obrad ya juya ya ce masa ai bai taɓa ganin wanda ya zaunar da Milisav Dogo ba ma sai yau, hafsoshin soja sun gwada, matarsa ta gwada shekara da shekaru, wadda ta iya wannan tsayuwa ba za ta gagare ta ba. Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi don a samu a numfasa.

Radinka ba ta yi dariya ba. Ta san abin da ke cikin butar nan. Ƙarshen kowane Oktoba ke nan har iyakar ranta, da alkama da kyandir da awa goma sha huɗu a bas, kuma ba wanda zai sake karɓar uzurinta. Ba ta san ko hukunci ya yanke mata ko yafe mata ya yi ba, ta yiwu shi ma bai raba ba. Kafin ta miƙe ta sa hannu tsakanin tafin ƙafarsa da ƙasa. Yatsu huɗu suka shige har da saura. Obrad ya ce ba a taɓa zarto ranar waliyyi, sai gobe zai rage ƙafafun, amma ya fita ya dawo da wani faffaɗan katako daga tulin itace ya tura ƙarƙashin kujerar. Ƙafafun tsohon suka samu wurin sauka. Goggo ta cusa masa matashi a baya.

"Kujerar tana da daɗi," in ji Milisav, yadda kowa zai ji. "'Yata ce ta sa aka yi mini."

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ta karɓi butar ta fara daga ƙarshen tebur, daga tsohon da ya yi gunaguni.

Aka kawo gasasshen nama, aka ci, wasu suka tashi wasu suka shigo. Kowane sabon baƙo zai tsaya a bakin ƙofa ya ga maigida a zaune, ya ga 'yarsa a tsaye da buta, ya haɗiye tambayarsa ya ce barka da slava. Ita ke amsawa, ita ke miƙa cokalin alkama. Milisav yana daga kujerarsa yana nuna mata kofin da ya yi ƙasa, sau ɗaya har ya ce ta cika zubawa, giyar ba daga rijiya ake ɗebo ta ba.

Wajen ƙarfe huɗu, rana ta karkata ta shigo ta taga, kyandir ya rage kamar taƙi ɗaya. Ƙafafun Radinka sun yi nauyi, bayanta yana sara, gajiyar bas ta jiya da jan keke sau biyu duk sun taru a ƙugunta. Shekararta hamsin da biyu, ita ma ba yarinya ba ce. Ta zagaya tebur ta cika kofuna, ta ja da baya don ta ba Goggo hanya, sai ta ji wani abu mai santsi ya tare ta ta baya, ya karɓi nauyinta. Daɗin da ta ji ya sa ta lumshe ido. Sai da ta buɗe ta gane a gefen keken take jingine, hannunta ɗaya a kan ƙarfen.

Ta ɗago da sauri ta dubi ɗakin. Obrad yana ta fama da wani ƙashi a farantinsa. Goggo tana gyara cokulan da ba su karkace ba. Tsohon ƙarshen tebur ya samu abin kallo a silin. Ta juya gefenta, inda ubanta ke zaune taku ɗaya daga ita, shi kuma ya mayar da fuskarsa taga, yana kallon tsakar gida kamar bai taɓa ganinta ba.